Ƙyauren da Baba Bai Ɓalle Ba

Ina gab da gama sakandare muka bar ƙauyenmu. Yana can bayan Jangeru, kuma ba zan faɗi sunansa a nan ba, na riga na faɗe shi sau ɗaya inda bai kamata ba. Mun fito ne bayan 'yan bindiga sun shigo karo na uku cikin damina guda, sun kora shanun noma, sun harbi mutane biyu a bakin rijiya. Muka yi wata biyu a Zurmi gidan kawuna, yayan Inna, sannan Baba ya samo mana ɗaki biyu a Ƙaura Namoda, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Baba, wanda bai taɓa sanin wata sana'a ba sai noma, ya koma ɗinkin bakin buhu da basilla a rumfar masu hatsi.

Safiyar da za mu fito, Baba ya kira maƙwabta biyu, ya kira Baffa. Baffa ɗan ƙanen kakana ne, tare suka tashi da Baba, kuma yana cikin waɗanda suka ce su ba inda za su. A gaban mutanen nan biyu Baba ya ba shi aron gonarmu, babbar da ke gefen fadama. Sannan ya ja ƙyauren ɗakinsa, ya sa kwaɗo, ya jijjiga shi ya ji ya kama, ya jefa makullin a aljihu.

Dole in yi bayanin wannan, domin rashin yin bayaninsa ne ya jawo duk abin da ya biyo baya. A wurinmu, wanda zai bar gari har abada yakan ɓalle ƙyauren ɗakinsa ya tafi da shi. Shi ne sanarwarsa. Daga ranar da aka ga ya ɗora ƙyaure a amalanke, kowa ya san ya sallama, gonarsa ta koma hannun mai gari, shi kuma ya ba wanda zai noma ta. Wanda kuwa ya bar ƙyaurensa a maƙale ya sa kwaɗo, ko shekara goma ya yi a waje ɗan gari ne da ya yi tafiya. Gonarsa aro ce a hannun wanda ya bar wa, kuma kowace kaka mai aron zai kawo masa dami ɗaya na gero, shaidar cewa gonar tana da mai ita. Yaron goye ma ya san wannan a garinmu. Ni kuwa na ɗauka duk duniya haka ake yi.

A shekara ta biyu mutanen dajin suka bi gidajen da babu kowa, suka kwashe kwanon rufi da ƙyamare. Namu ma ya tafi. Baffa da kansa ya bugo waya ya gaya wa Baba. Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai, domin ɓarawo ba ya yi wa mutum sallama da garinsu. Kakar nan Baffa ya kawo dami, ta gaba ma ya kawo. Baba yakan jingine shi a kusurwar ɗaki ya yi kwanaki kafin ya bari Inna ta sussuke.

Ni a Ƙaura ba ni da abokai sosai. Tun asali ba na iya magana cikin mutane, ga shi a unguwa ba a kiranmu da komai sai 'yan gudun hijira. Da na samu shiga makarantar gaba da sakandare a garin, sai na zama daga aji sai ɗaki. A nan na ji labarin wani malami da aiki ya kawo shi garin daga wani babban birni, wai yana tara matasa ranar Asabar a bayan wani shagon buga takardu, ana karanta littattafai. Na yi Asabar uku ina wucewa ta ƙofar kafin in iya shiga.

Kwali biyu na littattafai yake da su, kuma yawancinsu a kan mutanen da suka bar ƙasarsu ne. Ya ce shi ne abin da ya fi damunsa a duniya, har yana tattara labaran irinmu. Na karance su kaf cikin 'yan watanni. Ina da wani littafin rubutu mai bango baƙi, duk wanda na gama sai in rubuta ranar da na fara da ranar da na gama, da abin da ya kori mutumin, da yadda labarin ya ƙare. Da farko na ji daɗinsu ƙwarai, domin ban taɓa sanin ana ɗaukar irin halin da muke ciki a sa a littafi ba. Amma da na jera su sai haushi ya fara kama ni. Wannan ya hau jirgin sama, wancan ya tsallaka teku, wani yana wanke kwanuka a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Kowannensu ya sayar da abin da ya mallaka, ya waiwaya sau ɗaya, shi ke nan. Ban ga ko guda ba wanda gidansa bai kai tafiyar rabin yini a babur ba amma ba shi da halin zuwa. Ban ga mai kama da Baba ba, wanda idan hadari ya haɗo ta arewa yakan ajiye basilla ya fito bakin rumfa ya tsaya, don ya san a gonarsa ake ruwan.

Na gaya wa Malam haka wata rana bayan kowa ya watse. Ya ce to ai ga ka, rubuta naka.

Mako uku na yi ina rubutawa a cikin littafin nan mai baƙin bango. Na zauna da Inna na tambaye ta komai bi da bi: me ta ɗauka, me ta bari, akuya nawa muka koro, wa ya riƙe ƙanwata a hanya. Inda ta ce ba ta tuna ba, na rubuta ba ta tuna ba. Na tambayi Baba ranar da muka fito, ya ce Laraba ce, Inna ta ce Talata, na rubuta duka biyun. Shafi bakwai ya kama, kowane shafi da kwanan watansa a sama. Na ƙare da Baba yana sa kwaɗo yana jefa makulli a aljihu. Ban faɗi ma'anar hakan ba. A ganina faɗar ta kamar a ce wa mai karatu ruwa yana jiƙa ne.

Malam ya karanta, ya ce wannan sai an ji shi. Yana da aboki a wani gidan rediyo mai shirin da ake sa labaran matasa, za a ɗauki muryata a waya a tura. Asabar da ta biyo baya, bayan la'asar, ya miƙo mini kwafin da ya buga da inji, ya ce ya gyara 'yan kurakurai. Mu takwas ne a ɗakin, har da 'yan mata uku. Aka kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Ya riƙe wayar dab da bakina, na fara da sunana da sunan ƙauyenmu kamar yadda ya ce.

Shafi shida na karanta lafiya. A na bakwai idona ya riga bakina isa wurin. An cire kwaɗon, an cire makullin. A madadinsu an rubuta cewa mahaifina ya ɗauko guduma ya ɓalle ƙyauren ɗakinsa, ya ɗora a amalanke, ya ce wannan kaɗai zai ɗauka daga garin, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka shi ba. Na tsaya. Malam ya juya ɗan yatsansa a iska, wato ci gaba. Mutum bakwai suna kallona, wayar tana ɗauka. Na karanta. Har ƙarshe na karanta, da muryata, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Da aka kashe wayar aka yi tafi. Na matsa kusa da shi na rage murya.

"Malam, nan wurin ba haka na rubuta ba."

"Na sani, ɗalibina. Naka ƙarshen ya yi sanyi. Mutum ya kulle ɗaki ya sa makulli a aljihu, to sai me? Ni ma da safen nan na kulle nawa. Amma dattijo a kan hanya ɗauke da ƙyauren gidansa, wannan ba ya fita daga ran mai sauraro."

"Ai bai ɓalle ba."

"Adabi muke yi, ba rahoton 'yan sanda ba."

Aka yi dariya. Bayanin ƙyauren yana bakina, 'yan jimloli ne kacal, waɗanda na rubuta a sama. Sai na ce, "To, Malam." Na sha auna wannan "to" ɗin, kuma har yanzu ban samu abin da zan kare kaina da shi ba. Na san abin da ƙyaure yake nufi. Shi bai sani ba, bai kuma tambaya ba, amma ni na sani. Na gaya wa kaina cewa wa zai ji a ƙauye, sabis ma sai an hau tudu.

Aka sa a rediyo, daga nan ya shiga wayoyi, wannan ya tura wa wancan. A makaranta waɗanda ba su taɓa yi mini sallama ba suka fara tsayar da ni. Wata ta ce ta yi kuka a wurin ƙyauren. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Kaka ta zo, aka yi girbi, dami bai zo ba. Baba ya ce wataƙila hanya ce. Aka ƙara makonni, har masu dawa suka gama yanka. Ranar wata kasuwar Shinkafi ya ce in shirya in raka shi, ƙila Baffa bai samu wanda zai ba saƙo ba ne, sai mu karɓo da kanmu.

Mun same shi a layin masu hatsi, zaune a kan buhu. Suka gaisa kamar kullum, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya. Sannan Baba ya ce, cikin raha, "Bana geron ya ƙi ne, ko mai aron ya manta hanya?"

Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, aro ai sai ga abin da ke da mai shi."

"Mi kac ce?"

Baffa ya zaro waya daga aljihu, ya laluba, ya ƙara murya. Masu awo biyu da ke kusa suka daina awo. Na ji kaina ina faɗar sunana, ina faɗar sunan garinmu. Ya tsallake har zuwa ƙarshe, da alama ya san daidai inda zai danna. Baba ya saurara bai motsa ba, har aka kai inda ƙafarsa ba za ta sake taka garin ba.

Ya ce, "Muryar wa ce wagga?" Bai kalle ni ba.

Baffa ya ce, "Ga shi nan tsaye, tambaye shi. Ni ban ce komi ba, Yaya. Ɗanka na cikinka yaf faɗa, duniya ta ji. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

"Kai ka san waɗanda sunka ɓalle ƙyauren nan. Kai kab bugo mini waya."

"Na ga ɗaki ba ƙyaure, nac ce ɓarayi ne. Mu jahilai muna can muna zato, ashe masu boko sun rubuta gaskiyar. Ko ƙarya kay yi, malam marubuci?"

Na ce ba haka na rubuta ba, canzawa aka yi. Ban san ko an ji ni ba. Ɗaya daga masu awon ya ce, "To bakin naka ma canza shi anka yi?" Aka kwashe da dariya. Baba ya ce wa Baffa sai a gaban mai gari, ya juya, na bi bayansa.

A mota ya yi mini tambaya ɗaya. "Tilasta maka anka yi?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Har muka iso Ƙaura bai ƙara ba. Da ya mare ni a tsakiyar kasuwar da ya fi mini sauƙi.

Washegari na je wurin Malam a ofishinsa. A hanya na haddace abin da zan faɗa don kada ya gudu daga bakina. Na yi masa bayanin ƙyaure, da aro, da dami. Ya saurara yana gyaɗa kai, idonsa yana haske. Da na gama ya ce, "Ikon Allah! Ka ga al'ada mai zurfi. Me ya sa ba ka sa wannan a ciki ba?"

Na ce ina roƙonsa ya zo Shinkafi ya gaya wa mai gari da bakinsa cewa shi ya ƙara wurin.

"Shinkafi? Da hanyar nan a yadda take yanzu? Haba ɗalibina, ina da iyali."

"Mu ma muna da shi, Malam."

Wannan ita ce magana mafi zafi da na taɓa gaya wa wani babba, kuma ko ita a hankali na faɗe ta. Ya yi kamar bai ji ba. Na ce to a sa gyara a rediyo. Ya ce shirin ya wuce wurin, yanzu wasu labaran ake yi, amma zai yi wa abokinsa magana. Har yau ina jira. Ya zauna ya buga mini wasiƙa da Turanci, rabin shafi, yana bayanin cewa marubuci yana da 'yancin ƙawata labari. Babu inda ya ce shi ya canza, babu inda ya ce abin da aka karanta bai faru ba. Da zan fita ya kira ni.

"Ka san wannan rigimar ma labari ce? Ka riƙa rubuta komai. Idan an gama ka kawo mini mu gani."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ya ce babu abin da ya dame shi kamar waɗanda suka bar gida, yana da kwali biyu a kanmu, ya san sunayen tekuna da kan iyakoki, ga ɗaya daga cikinmu tsaye a gabansa gona tana shirin fita daga hannun ubansa, shi kuwa kashi na biyu yake hangowa. Ranar na mayar masa da littattafansa uku da ke wurina. Na ajiye a teburin mai gadi, ban koma ciki ba.

Mai garinmu shi ma ba ya ƙauye. Yana zaune a Shinkafi, a zauren wani surukinsa yake sauraron mutane. Ranar da aka sa mana, zauren ya cika, domin kowa da ya bar gona a baya yana son jin yadda za ta kaya. Cikin maƙwabta biyu da suka shaida aron, ɗaya ya rasu, ɗayan ya tsallaka Nijar da iyalinsa, wayarsa ba ta shiga. Aka sake kunna muryata. Karo na biyu ke nan da nake jin ta a gaban mutane, kuma kowane karo sai in ji yadda na karanta wurin da kyau.

Baba ya faɗi nasa a taƙaice. Ya ciro makullin ya ajiye a kan tabarma. Baffa ya ce makulli ba ya magana, ko shi yana da guda biyar a gida.

Mai gari ya dube ni. "Kai ne mai rediyo?"

"Ni ne, ranka shi daɗe."

"Matso. Ɗaga murya, nan ba mu da inji."

Na buɗe littafina mai baƙin bango. Na nuna kwanan watan da ke saman kowane shafi, na nuna cewa duk sun riga ranar da aka ɗauki muryar. Na karanta shafi na bakwai yadda na rubuta shi. Na miƙa wasiƙar Malam. Wani matashi ya fassara, da ya gama mai gari ya ce, "To mi yac ce ke nan?" Matashin ya ce, "Ranka shi daɗe, bai ce komi ba."

Mai gari ya ce mini, "Wanga littafi, wa ya gan shi kafin yau?"

"Malamin kaɗai."

"Wancan na rediyo kuwa har mutanen Maraɗi sun ji. Lokacin da kake karantawa, ka san mi ɓalle ƙyaure ke nufi?"

"Na sani."

"Kuma ka karanta."

"Na karanta."

Daga nan mai gari ya ba Baffa dama. Ina jin haushin Baffa, kuma zan mutu ina jin haushinsa, domin ya san gaskiya sarai. Amma zan rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, tunda na ga abin da gyaran maganar mutum yake jawowa. Ya ce damina huɗu yana noman gonar nan da kunne ɗaya a daji. Ya ce sau biyu yana kwanciya rub da ciki cikin gero babura suna wucewa. Ya ce ɗansa na biyu a gonar nan aka kama shi, sai da aka yi wata kafin ya dawo, har yanzu ba ya iya shiga gona shi kaɗai. Ya ce, "Ni in zuba taki, ni in yi gudu, ni in binne mutane, sannan in ɗauki dami in kai wa wanda ke Ƙaura ƙarƙashin fanka? Har yaushe, ranka shi daɗe? In sun dawo su dawo. In sun tahi su ce sun tahi. Ɗansu dai ya ce."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Wasu da ke zaune sun sunkuyar da kai, don su ma suna da mai kawo musu dami.

Mai gari ya ce shi a ransa ya san Baba bai ɓalle ƙyaure ba, nasa ma waɗancan mutanen sun ɗauke. Amma magana zarar bunu ce, kuma wannan daga cikin gida ta fito, ba maƙiyi ya faɗe ta ba. Idan ya share ta kamar ba a yi ba, gobe duk wanda ya sallama gari zai dawo ya ce wasa yake. Don haka aro ya ƙare. Gonar ta Baba ce idan ya koma ya nome ta da hannunsa damina mai zuwa, tun daga shuka har girbi, mutane suna gani. Idan ruwa ya sauka aka yi shuka ba a gan shi ba, ta zama ta Baffa.

Baba ya ce, "Na ji, Allah shi ba ka nasara." Ya ɗauki makullinsa.

Ranin nan duka Inna tana roƙonsa. Ta ce a bar gonar, ƙasa ba ta fi rai ba. Ta turo kawuna daga Zurmi ya yi masa magana. Ta ce ya dubi gwiwarsa, ya dubi shekarunsa, ba shanu, ba ɗaki mai rufi. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "In na sake ta, mi za ni bar musu? Basilla?" Ni ba ta taɓa ce mini komai ba. Takan ajiye mini tuwo kamar kullum, sai dai ta daina tambayata me nake karantawa.

Na ce masa zan ajiye makaranta in bi shi, tunda ni na jawo. Ya ce mai gari hannunsa ya ce, bai ce hannun ɗansa ba, kuma ba zai kai wa mutanen daji mutum biyu daga gida ɗaya ba. Na ce to in je ni kaɗai a madadinsa. Ya ce, "Kai ko kunyar gona ba ka iya ja daidai. Zauna ka duba Innarka da ƙannenka."

A watannin nan na gwada sake karanta irin waɗancan littattafai, na aro biyu a wurin wani ɗan ajinmu. Ban iya wuce shafi ashirin ba. Duk inda na ga wuri mai daɗi, inda uwa ta yi wata magana mai ratsa jiki ko uba ya yi wani abu da ba a mantawa, sai in tsaya ina tambaya: haka aka yi, ko wani ne ya ga ƙarshen ya yi sanyi? Wane ne ya biya? Wataƙila ban yi musu adalci ba. Wataƙila su danginsu suna can bayan teku, babu wanda zai kunna musu waya a kasuwa. Mu namu suna nan kusa, suna jin duk abin da aka faɗa a kansu.

Ruwan farko ya sauka da yamma. Kwana biyu bayan haka Baba ya ɗaure sungumi da hauya da buhun iri, Inna ta zuba masa gari da ƙuli-ƙuli da maganin gwiwa a leda. Na ɗaukar masa kayan zuwa tasha. Muna jiran mota ta cika na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce ya yafe tun a mota ranar nan, in daina maimaitawa. Ya ce in riƙa zuwa rumfa ranar da ba ni da aji, kada a ba wani wurinsa. Ya shiga ya zauna a baya, sungumin a tsakanin ƙafafunsa.

Ya yi shuka, mutane sun gani. Ya yi noman farko shi kaɗai, ya yi maimai. Yana kwana a ɗakin wani tsoho da bai fita ba, su da Baffa suna haɗuwa a masallaci ba sa gaisawa. Gero ya fara fitar da kai, in Allah ya kai mu girbi gonar tamu ce, ba mai sake ɗaga maganar. Yakan hau tudun bayan gari ya kira mu bayan kwana biyu, ya ce lafiya lau, ya tambayi kowa, ya kashe kafin a tambaye shi wani abu. Mun ji a bakin mutane an sake ganin babura ta wajen fadama. Inna ta ajiye wayar a kan taga inda sabis ya fi kamawa, ta hana kowa taɓa ta. Yau kwana huɗu bai kira ba.